Abin da Dutsen Kalambaina Ke Faɗa Game da Tsohon Tekun Sakkwato

Assalamu alaikum, malamai, ɗalibai da sauran jama'a. Wannan farin dutsen da ke zagayawa hannu-hannu daga Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, aka ɗauko shi, inda ake haƙar irinsa ana yin siminti. Kafin ka miƙa wa na kusa da kai, duba shi da kyau. Za ka ga ɓawon katantanwa da gutsattsarin makankari maƙale a ciki. Mai sa'a ma har bushiyar teku zai gani, da zanenta mai reshe biyar. Halittun ruwan gishiri ne waɗannan. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, teku ya ratso Sahara daga arewa ya kwanta a kan ƙasar nan.

To amma wane irin teku? Mai zurfi ne? Mai igiyar ruwa ne ko kwantacce? Amsar tana cikin ƙirar dutsen, kuma nan nake so mu daɗe.

Muna yanka dutsen mu goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, haske na ratsa shi, sannan mu sa a madubin ƙara girma. Abin da muke fara nema shi ne laka. A 1962 wani masani ɗan Amurka, Robert Dunham, ya rarraba dutsen farar ƙasa a kan wannan. Idan ƙwayoyi, wato irin su ɓawo da gutsattsarinsa, ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, sauran duk laka, ruwan ya kwanta lumui. Idan sun haura haka amma suna yawo cikin lakar, ba su taɓa juna, har yanzu ruwan natsattse ne. Idan suna jingine da juna, da laka a tsakani, an ɗan samu motsi. Idan kuwa babu laka sam, igiyar ruwa ce ta wanke ta, kamar yadda iska ke kwashe ƙaiƙayi wajen shiƙa ta bar tsaba.

Dutsen Kalambaina laka gare shi da yawa, ga ɓawo birjik, wasu ko fashewa ba su yi ba. A fahimtata wannan ruwa ne marar zurfi, mai ɗumi, wanda igiya ba ta cika damunsa ba.

Sai dai ɗalibai, ku yi hattara. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan narkar da ɓawo, ya sauya lakar ta zama tsarabar dutse mai ƙyalƙyali, ka ɗauka igiya ce ta wanke ta. Don haka ba a yanke hukunci da dutse ɗaya. Sai ka duba na ƙasa da shi da na sama. A ƙarƙashin dutsen Kalambaina akwai shimfiɗar yumɓun Dange mai fosfet, wato ma'adinin da ake yin takin zamani da shi, a saman dutsen kuma akwai ta Gamba, sannan yashi da yumɓun Gwandu, waɗanda koguna da tafkuna suka zuba bayan tekun ya janye.