Me Ake Ƙirgawa Idan Aka Ƙirga Ambato?

Assalamu alaikum. Malamaina da ɗalibai, barkanku da zuwa.

Yanzu idan aka ambaci sunan mai bincike a fannin ƙwayoyin halitta ko ƙwaƙwalwa, kafin a karanta layi ɗaya na aikinsa an buɗe Google Scholar, shafin intanet da ke tattara ayyukan masu bincike: maƙala nawa ya wallafa, sau nawa aka ambace shi, wato wasu masu bincike suka kafa hujja da aikinsa a rubutunsu, nawa ne ma'auninsa na h. Jorge Hirsch, masanin fiziks a Amurka, shi ya fito da wannan ma'auni a 2005. In kana da maƙala 30 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 30, to h ɗinka 30 ne.

To amma me ake ƙirgawa? A 2014 mujallar Nature ta jera maƙaloli 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta farko ta Oliver Lowry ce, ta 1951, an ambace ta fiye da sau 300,000, kuma abin da ke cikinta hanyar auna yawan furotin ce kawai. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana fasalin DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta, ko shiga jerin ba ta yi ba. Dalili a fili yake: duk wanda ya auna furotin dole ya faɗi hanyar wa ya bi, shi kuwa fasalin DNA ya zama sanin kowa, ba a kafa masa hujja.

Ba raina irin waɗannan ayyuka nake yi ba. Ku dubi maƙalar Hamill da abokansa ta 1981, wadda ita ma ta bayyana wata hanyar gwaji ce, kuma an ambace ta sosai. Siririn bututun gilashi ake mannawa a fatar ƙwayar jijiya, a ɗan zuƙo ta har ta like, sai a auna lantarkin da ke ratsa 'yar ƙofa ɗaya tak a jikin fatar. Neher da Sakmann, biyu daga cikin marubutan maƙalar, sun karɓi kyautar Nobel a 1991 kan wannan fasaha. A nan yawan ambato da darajar aiki sun tafi tare.

Abin da ke ci mini rai shi ne wata maƙala ta 2006 kan cutar mantuwa ta Alzheimer, ita ma a Nature. An ambace ta fiye da sau 2,000, sai a 2024 aka janye ta saboda an jirkita hotunan gwajin. Ambaton nan duk ya shiga lissafi shekara da shekaru, alhali masu fama da cutar da iyalansu suna can suna jiran magani.

Masana ƙwayoyin halitta da kansu ne suka tsara sanarwar DORA a taronsu na San Faransisko a 2012, suna cewa a daina auna mutum da martabar mujallar da ya wallafa a ciki. Ku da ke zama a kwamitin ƙarin girma, don Allah ku nemi mai neman ya kawo maƙalolinsa uku da ya fi alfahari da su, ku duba hotunan, ku duba dabbobi nawa aka yi gwajin da su, ku tambaya ko wani ɗakin gwaji ya maimaita ya samu sakamako iri ɗaya.