Maganar kyamarar danja a Katsina, jawabina a taronmu na Birmingham

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu dattawa, Hajiyoyi, 'yan uwa Katsinawa da Daurawa, sannunku da zuwa, na san wasu daga aikin dare suka wuto nan ko runtsawa ba su yi ba.

An ce in faɗi ra'ayina kan takardar da za mu aika gida, wadda wasunmu ke son a saka shawarar kafa kyamarori a danjojin cikin garin Katsina. To ni dai tasi nake ja a garin nan shekara da shekaru, kyamarar nan da ita nake kwana da ita nake tashi. Kun san yadda abin yake, ka ƙetare jar danja fam 100 ne da maki 3 a lasisinka, cikin sati biyu takarda ta iso gida, in maki ya kai 12 kuma sai ka ajiye tuƙi, babu wanda za ka ce wa yallaɓai a yi haƙuri, babu na goro. Masu zuwa Umara ma sun san Saher, tsarin kyamarorin hanya na Saudiyya da aka fara tun 2010.

Wallahi ina goyon baya. Bara ɗan ƙanwata yana kan babur zai tsallaka mahaɗa wajen Ƙofar Ƙaura, hannu nasa ne, wani mai mota ya taho a guje ya kwashe shi ta gefe ya wuce abinsa, yaron nan wata biyar yana kwance da karaya, har yau ba a san ko wane ne ba. Da akwai kyamara da aƙalla an ga lambar.

Amma dan Allah mu dubi abin da ya faru a Amurka kafin mu sa hannu. Binciken hukumar manyan hanyoyinsu na 2005 ya nuna karon gefe ya ragu da wajen kashi 25 cikin ɗari a inda aka kafa kyamara, sai dai bugun baya ya ƙaru da wajen kashi 15, saboda mutane na taka burki da ƙarfi don tsoron tara. Ni wannan bai dame ni sosai ba, bugun baya yawanci aikin mai gyaran bodi ne, na gefe shi ke kai mutum makwanci. Abin da ya dame ni kuɗi ne. A Chicago wani jami'in gwamnati shekara 10 aka yanke masa a 2016 kan cin hanci daga kamfanin da ya samu kwangilar kyamarorin, jihar Texas kuma a 2019 ta hana kyamarar danja gaba ɗaya, don jama'a sun daina kallonta a matsayin kariya, sun koma ganin tarko ne na tatsar aljihu.

Sai mu dawo gida. Kyamara lamba take karantawa, to babura da keke napep nawa ne ke yawo daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Marusa ba lamba? Mota ta bi hannu uku huɗu takardunta na nan da sunan mai ita na farko a Kaduna, wa za a ci tara? Adireshin mu kuwa kun san shi, bayan gidan mai, kusa da masallacin Juma'a. Legas ta waya suke turo wa mutum saƙon tara, mu ma sai dai hakan, kuma sai an haɗa lambar mota da lambar wayar mai ita na yanzu. Ga wuta, danjar da ba ta da sola rabin yini a mace take. Sannan babbar maganar, masu jiniya da masu rufe lamba da leda. In kyamara ta kama mai keke da ke neman na cefane ta bar ayarin manya ya wuce, ina tabbatar muku yaran unguwa da dutse za su sauke ta.

Don haka Shugaba, shawarata a rubuta cewa muna so, amma a fara da yi wa masu babura da keke lamba cikin sauƙin kuɗi, a gwada a mahaɗa biyu ko uku tukuna, watannin farko gargaɗi kawai a tura ba tara ba. Kada a biya ɗan kwangila bisa yawan waɗanda aka kama, nan ne ɓarnar take shigowa, a ranar da aka yi haka sai ka ga an rage daƙiƙun fitilar ruwan ɗorawa. A sa agogon ƙirga a jikin danja kowa ya gani, a kuma ware ofis a KASSAROTA, wato hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Katsina, inda wanda aka ci tara zai je a nuna masa hoton ya kare kansa.

Malam Sakatare, in an amince zan zauna da kai bayan La'asar mu gyara sakin layin. Na gode, wassalamu alaikum.