Bangon da ya zama lambu: lacca kan furanni masu yaɗo a ƙauyukan Ingila

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a zauren ɗaliban sashen noman lambu. An rage gaishe-gaishe da maimaici, sauran an bar shi yadda malamin ya faɗa.)

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamai 'yan'uwana, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na hango na baya suna fifita da littattafai. Ku yi haƙuri, yau ƙasar sanyi zan kai ku, ko da a baki ne.

Bari in fara da kalmar da aka sa a takardar sanarwa, wato bazara. Watannin dai su ne, Maris da Afrilu da Mayu, amma abin da ke cikinsu ya sha bamban. Mu nan a watannin ne rana ke dukan tsakar ka, rijiya ta ja baya, kowa ya zuba wa gabas ido. A Ingila kuwa lokacin ne ƙasa ke farfaɗowa daga hunturu. A ƙarshen Disamba hasken rana a Landan bai cika awa 8 ba, kafin ƙarshen Yuni ya haura awa 16. Mutumin da ya yi watanni yana fita aiki cikin duhu, ya dawo cikin duhu, ranar da ya ga fure ya buɗe a jikin bangonsa, abin da yake ji shi ne abin da kuke ji in ƙamshin ƙasa ya tashi ranar ruwan farko. Ku riƙe wannan, in ba haka ba duk abin da zan faɗa zai zame muku wasan masu ƙoshi.

To, lambun da muke magana a kai asalinsa na talaka ne. Lebura mai yi wa mai gona aiki, an ba shi ɗan gida mai rufin ciyawa da ɗan fili a gaba da baya. A nan zai shuka dankali da kabeji da albasa da wake, a nan ganyayen magani, a nan amyar zuma, can ƙarshe kuma garken alade, don su suna ci. Ina fure zai samu wuri? Ƙasa ta ciki ce. Sai abin da ya rage: bango, da shinge, da 'yar rumfar bakin ƙofa. Tsiron da zai ci taku ɗaya a ƙasa amma ya rufe bango guda, shi ne daidai da aljihun talaka. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a gare ku. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga duma a kan jinka, ya ga soso da garahuni sun lulluɓe danga.

Daga baya ne masu hali suka hango abin suka yi sha'awa. A ƙarshen ƙarni na 19, masana lambu William Robinson da Gertrude Jekyll suka gaji da lambunan manyan gidaje inda ake jera furanni sahu-sahu kamar sojoji a fareti, suka ce a dubi na ƙauye. Wata mai zane, Helen Allingham, ta cika takardu da hotunan gidajen ƙauye da furanni suka rufe. Zanenta na da kyau, amma ni ina da ƙorafi a kansa: danshin ɗakunan da yunwar yaran da ke ciki ba su fito ba. Fure na iya rufe tsagar bango, har mai wucewa ya ɗauka gidan lafiya lau yake.

Lokacin da nake karatu, na zauna haya a gidan wata tsohuwa a wani ƙauye a yankin Kent. Da na fara ganin lambunta sai na ce a raina wannan baiwar Allah ta bar wurin ya zama daji. Komai ya hau kan komai. Sai da na shekara ina riƙe mata tsani na gane kowane reshe da na ɗauka shi ya kai kansa, hannu ne ya kai shi. Hargitsin nan shirya shi ake yi, kuma ba ya shiryuwa sai ka san yadda kowane tsiro yake kama abin da yake hawa.

Charles Darwin ne ya zauna ya tsefe wannan, a gidansa da ke Kent ɗin nan. Ya fitar da bincikensa a 1865, ya zama littafi a 1875. Rashin lafiya ta kwantar da shi a ɗaki, sai ya sa aka ajiye masa tsiron hop, wani mai yaɗo, a tukunya yana kallonsa dare da rana. Ya lura kan tsiron yana kewayawa a iska kamar makaho mai lalube da sanda, kuma in rana ce mai ɗumi zagaye ɗaya kan ɗauke shi awa 2 da minti 8. Da ya taɓa wani abu sai ya nannaɗe. A taƙaice masu hawa iri huɗu ne: mai naɗewa da dukan jikinsa, mai kamawa da ɗan zare ko wutsiyar ganye, mai maƙalewa da ƙaya, da mai fitar da ƙananan saiwoyi ya manne wa bango. In ka kai mai naɗewa jikin bango sumul, sai dai ya tsaya yana lalube har ya gaji.

Sarauniyar watan Mayu ita ce wistariya, kuma a kanta zan daɗe. 'Yar gidan su wake da gyaɗa ce. In ka tsinki fure ɗaya ka duba za ka ga kamannin furen wake sak, har kwanso take yi, sai dai 'ya'yanta guba ne, ba a ci. Irin ta ƙasar Sin ta shigo Ingila a 1816 daga birnin Kanton, a jiragen fataken shayi. A unguwar Chiswick da ke yammacin Landan akwai wadda aka dasa a wancan zamani, har yau tana fure, ana cewa ita ce mafi tsufa a ƙasar. Abin da ya sa ta Sin take ɗaukar ido shi ne furen na riga ganye fitowa. Jiya ka wuce ka ga busassun igiyoyi masu toka-toka a jikin bango, kamar an manta da su. Bayan 'yan kwanaki ka dawo ka tarar da zangarniya ɗaruruwa sun rataya, shuɗi mai garwaye da shunayya, ƙudan zuma na ta guɗa a ciki, ƙamshi har titi.

Ga wani abin gwada idon ɗalibi. Ta Sin da ta Japan sun yi kama, amma in ka leƙo daga sama, ta Japan tana naɗewa yadda hannun agogo ke tafiya, ta Sin kuwa akasin haka. Ko cikin hunturu da ba fure ba ganye, naɗin zai gaya maka ƙasarta. Ta Japan zangarniyarta ta fi tsawo, wani irin yakan kai mita guda, shi ya sa ta fi dacewa da rumfa, inda furen zai sauko bisa kan mai tafiya.

Duk wannan ado bai wuce mako uku ba. Mako uku! Kuma sai an yi masa aiki sau biyu a shekara. A Yuli ko Agusta a datse dogayen bulalin da ta fitar, a bar wa kowanne ganye biyar ko shida. A Janairu ko Fabrairu, yatsu na ƙagewa don sanyi, a sake hawa tsani a rage su zuwa ido biyu ko uku. A waɗannan guntaye furen ke fitowa. Ka ƙyale ta, sai ta ba ka ganye tuli, ta shige ƙarƙashin rufi, ta ɓamɓare indararo, don in ta tsufa kaurinta ya kai cinyar mutum. Kuma kar ka shuka daga ƙwaya: tana iya kai shekara 20 ba ta yi fure ba. Mai aure ake saya, kamar yadda kuke neman mangwaro mai aure. A shekarata ta biyu a gidan tsohuwar nan ta Kent, sanyin dare ɗaya a ƙarshen Afrilu ya daskarar da raɓa a kan toho, gari ya waye duk sun yi baƙi sun saki. Tsohuwar ta fito ta duba, ta ce sai baɗi, ta koma ta ɗora shayi. Ni da na riƙe tsani na fi ta jin haushi. (Dariya.)

Wata mai yaɗon kuma, kilimatis ta tsaunukan Himalaya, wadda ta iso a 1831, ba ta da wannan fitina. Da wutsiyar ganye take kamawa, saboda haka siririn abu take so, waya ko raga ko reshen wata bishiya. Sau da yawa ana sakinta ta hau tsohuwar bishiyar tuffa ko ta rufe ɗakin ajiye kayan aiki. Furenta mai kunne huɗu ne, fari ko ruwan hoda, kuma yana fitowa da yawan da ba ka ganin ganye. Ƙa'idarta guda: kai a rana, gindi a inuwa. In za a yi mata aski, da ta gama fure za a yi. Wanda ya aske ta cikin hunturu ya yanke furen bana da hannunsa.

Sai wardi. Yawancinsa sai Yuni, amma akwai ɗan gaggawa mai ƙananan furanni ruwan ƙwai, wanda ake kira da sunan matar masanin tsirrai Joseph Banks, ya zo daga Sin a 1824. Shi tun ƙarshen Afrilu yake buɗewa, kuma kusan ba shi da ƙaya. Wardi dama ba ya naɗewa, jingina yake yi, dole a ɗaure shi. Sirrin yana wurin ɗaurin. In ka bar reshe ya miƙe sama, ƙarfin duk kan tafi can ƙoli, sai ka sami fure kusa da rufi, ƙasa kuwa ƙafafu tsirara. Ka kwantar da reshen a gicciye ka ɗaure a waya, sai kowane ido da ke jikinsa ya farka ya fitar da nasa. Da marubuciya Vita Sackville-West da mijinta Harold Nicolson suka sayi kangon wani tsohon babban gida mai suna Sissinghurst a 1930, farkon wardin da suka dasa wani fari ne mai hawa, ɗan Faransa na 1879, kuma a jikin ɗan ƙaramin gidan da ke cikin harabar suka jingina shi. Masu kuɗi ne, amma bangon talaka suka kwaikwaya.

Na bar wanda na fi so a ƙarshe. Hanisakul, sunan na nufin tsotson zuma, don yara kan cire furen su tsotsi zaƙin gindinsa. Shi ɗan ƙasa ne, a shingayen gonaki yake fitowa da kansa, kuma naɗinsa da ƙarfi: yakan matse ƙaramar bishiya har ya bar mata tabo a murɗe, masu sassaƙa su yi sandar dogarawa da ita. Da rana ba ka jin kome sosai. Sai magariba yake sakin ƙamshi, saboda baƙin da yake jira irin malam-buɗe-littafin nan ne na dare masu dogon harshe. Shi ya sa ake dasa shi bakin ƙofa ko ƙarƙashin tagar ɗakin kwana. A ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara. Nakan idar da magariba in fito in zauna a dakali, ba na yin kome, ina shaƙa kawai. Wistariya ta hantsi ce, lokacin da rana ta ɗumama bango. Wannan kuwa na almuru ne. Wanda ya zo da kyamara ya ɗauki hoto ya wuce, rabin abin ya samu.

In Allah ya kai ɗayanku can a watan Mayu, kowa zai ce masa ya je baje kolin furanni na Chelsea, wanda ake yi tun 1913. Ka je in kana da kuɗin tikiti. Ni dai shawarata ita ce tsarin nan da aka fara a 1927, inda masu gidaje ke buɗe lambunansu ga jama'a a wata rana. Da farko sule ɗaya ake biya, kuɗin ya tafi ga nas-nas masu bin gida-gida. Har yau ana yi. A nan za ka ga wayar da aka ɗaura, ka ga tsanin a jingine, mai gidan kuma yana tsaye ka tambaye shi.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko wistariya za ta yi a Kano.)

'Yata, kar ki ɓata kuɗinki. Tana bukatar sanyin hunturu na gaske kafin ta ɗaura fure, kuma sanyin hunturunmu bai kai ba. In bango kike so ki rufe, ga boganbiliya nan a tsofaffin gidajen Nasarawa, ita rani ne ma lokacin adonta, in an cika mata ruwa sai ta yi ganye ta ƙi fure. Ita ma 'yar ƙaya ce mai jingina kamar wardi, saboda haka ki kwantar da rassan ki ɗaure. Ki zo gonar gwaji ranar Laraba da almakashi da igiya, in nuna miki. Shugaba na ta nuna mini agogo, ga shi kuma an fara kiran salla. Wassalamu alaikum.