Mudun da ba a gani: yadda na'ura ke auna mu kafin a ba mu rance

An gabatar da wannan lacca a Gusau, gaban 'yan kasuwa, masu sana'ar POS, ɗalibai da wasu ma'aikatan banki. Daga faifan da aka naɗa aka rubuto ta, maimaici kawai aka rage.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, malamaina, 'yan kasuwa da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Bari in fara da abin da kowa a ɗakin nan ya sani. Idan ka je sayen gero a kasuwa, kafin mai hatsi ya cika maka tiya, idonka yana kan gindin kwanon. Ka san akwai masu bubbuga gindin ya shige ciki, a cika maka har da tozo amma ka koma gida da ragi. In ka yi shakka, sai ka ce a kawo wata tiya a gwada, in abin ya ƙi a tafi wajen sarkin kasuwa. Allah Ya saukar da sura guda a kan masu tauye mudu. To yau akwai wani mudu da ake auna mutane da shi, kuma babu wanda ya taɓa ganin gindinsa a cikinmu. Shi ne lissafin da ke cikin kwamfutar banki da manhajojin ba da rance.

Sunansa algoridim. Kalmar ma daga wajenmu ta fita: sunan Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ne, malamin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, Turawa suka murɗa shi. Ma'anarsa jerin matakai da ake bi a kai ga hukunci. Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira kuwa ya ɗara haka kaɗan. Ba a rubuta mata ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya. Ana zuba mata bayanan dubban mutanen da suka ci bashi a baya, wanda ya biya da wanda ya gudu, ita da kanta ta tsinto kamannin mai biya. In ka zo, sai ta duba ko ka yi kama da su, ta ba ka maki. Da makin nan ake cewa a ba ka, ko a hana ka, ko a ba ka kaɗan. Irin wannan lissafi ne kuma yake rufe asusun mutum da tsakar dare in ya ga shigar kuɗin da bai saba gani ba.

Ban zo in zagi na'ura ba. Dattawan da ke nan sun san lokacin da rance sai wanda ya san manaja, ko wanda yake da takardar fili a unguwar masu hali. Na'ura ba ta karɓar na goro, ba ta san ɗan wane ba. Wannan alheri ne. Amma ɗan koyo abin da ya gani a gidan maigidansa shi yake ɗauka. Idan mutanen da aka koya mata da su ma'aikata ne masu albashin ƙarshen wata a Legas da Abuja, to duk wanda rayuwarsa ba ta tafiya haka, a idonta abin tsoro ne.

Ina da inna a Ƙaura Namoda, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta fi shekara 20 tana adashi, ba a taɓa zuwa ƙofarta neman zubi sau biyu ba. Matan unguwa wajenta suke ajiya. Bara ta so ta sayi injin markaɗe, ɗanta ya ce a gwada wata manhaja. Ina zaune a tabarmar. Wayar da sunan ɗan aka yi mata rajista. Aka ce ta kalli kyamara ta ƙifta ido, ɗakin ba haske sosai, sau huɗu ana cewa a sake. Muka fito tsakar gida, ta gyara mayafi, aka samu ya wuce. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta dawo da Turanci, wai ba ta cancanta ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, wa ya ce ba ni biyan bashi? A kira shi in ji." Babu wanda za a kira. Wannan tambayar tata ita ta kawo ni nan yau.

Me na'urar ta gani? Ta ga asusun da kuɗi ba su cika shiga ba, domin cinikin inna na hannu da hannu ne. Amanar shekara 20 tana cikin littafin uwar adashi da bakin maƙwabta, ba ta cikin kwamfuta. Kuma ku lura da tarkon: an hana ta saboda ba ta da tarihin biyan bashi, ba za ta samu tarihin ba sai an ba ta. Gobe in aka sake koya wa na'urar, babu irin inna cikin waɗanda suka biya, sai ta ƙara tabbata cewa daidai ta yi.

Haka manomin yankin madatsar ruwan Bakalori, kusa da Talatar Mafara. Kuɗinsa sukan shigo a dunƙule bayan girbi, sannan asusu ya yi wata da watanni shiru. Ga na'urar da ta saba da albashi, wannan mutum ne marar tabbas. Ga wanda ya san Talatar Mafara, wannan shi ne noma.

Sai abin da ya same mu a nan Zamfara. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a jihar nan baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako. Makonni babu kira, babu tura kuɗi, masu POS suka nade tabarma. Duk wanda ya duba bayanan ɗan Zamfara na wannan lokaci zai ga rami. In ba a gaya wa na'ura abin da ya faru ba, za ta karanta ramin nan a matsayin karyewar jari ko gudun bashi. Wanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensu, ya sauya mazauni sau uku, wayarsa ta salwanta ya sake layi, shi ma kamannin ɗan damfara zai yi mata. An zalunce shi a daji, a zo kuma a tauye shi a mudu.

Wani zai ce, ai sai a cire jiha da ƙabila da jinsi daga bayanan. Ba ya isa. Irin wayarka, wurin da take kwana, katin nawa kake sawa, harshen saƙonninka, duk suna tona inda ka fito. Ka rufe ƙofa, ta shigo ta taga.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. A 2018 wasu masu bincike biyu, Joy Buolamwini da Timnit Gebru, sun gwada manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni. Wajen gane namiji ne ko mace, kuskuren a kan maza farare bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a kan mata baƙaƙe kuwa ya kai kusan kashi 35. A 2019 a Amurka wani mutum ya yi ƙorafi cewa katin bashi na Apple Card ya ba shi ninki 20 na abin da ya ba matarsa, alhali dukiyarsu ɗaya. Hukumar kula da harkar kuɗi ta jihar New York ta bincika, a 2021 ta ce ba ta samu karya dokar nuna bambanci ba. Amma abin da ya tayar da ƙurar tun farko shi ne an tambayi dalili, ba a samu mai bayani ba. A Holan kuwa, hukumar haraji ta sa mallakar takardar zama ɗan ƙasa biyu cikin alamomin zamba a tallafin renon yara. Aka tuhumi dubban iyalai bisa kuskure, aka tilasta musu mayar da kuɗi, gidaje suka rushe. A Janairun 2021 gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a kan wannan.

Yanzu batun daidaito. Kamfani zai ce maka na'urarsa tana yin daidai kashi 99 cikin 100. Ɗalibai, ku yi lissafin da ni. A mutum miliyan 1, kuskure ya faɗa kan 10,000. Su wane ne? In sun warwatsu ko'ina, wannan kuskure ne. In mafi yawansu mata ne da manoma da 'yan gudun hijira, sunansa zalunci, ko da babu wanda ya yi niyya. Don haka ba a karɓar maki ɗaya na jimla. A rarraba shi, a nuna mana na mata daban, na karkara daban, na Arewa maso Yamma daban.

Wani kuskuren ma tun daga rubutu yake. Mutum ɗaya, a BVN Mohammed, a NIN Muhammadu, a katin zaɓe Mamman. An ba shi ranar haihuwa 1 ga Janairu domin babu takarda. Yatsan da fartanya ta cinye ba ya hawa na'urar ɗaukar zanen yatsa. Masu POS, ku ne shaida, sau nawa a mako kuke ganin wannan?

Akwai doka, sai dai ba mu cika sanin ta ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, a sashe na 37, ta ba mutum haƙƙin ƙin a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura zalla, da haƙƙin neman ɗan Adam ya duba, ya faɗi nasa, ya ƙalubalanci hukuncin. Tana da togaciya, ciki har da inda kai ka amince, shi ya sa nake roƙonku ku daina danna maɓallin amincewa ido rufe. Dokar 2017 kan rahoton masu bashi ta ba ka damar ganin abin da kamfanoni irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry suka rubuta a kanka, ka nemi gyara in ƙarya ne. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tun 2022 ta bi sawun manhajojin da ke kwashe lambobin wayar mutum suna aika wa surukansa saƙon cin mutunci, kuma a 2023 Google ya hana manhajojin rance leƙa lambobi da hotuna. In banki ya ƙi sauraronka, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna. Ka rubuta ƙorafi, ka riƙe kwafi.

Ku 'yan'uwana ma'aikatan banki da ke sahun gaba, na san ba ku kuka ƙera mudun ba, daga hedikwata ake aiko muku da shi. Amma ku kuke ganin fuskar wanda aka hana. Ku riƙa rubuta waɗanda kuka san masu gaskiya ne na'ura ta ƙi, ku aika sama, ku nace. Ku nemi a riƙa faɗa wa mutum dalili da Hausa, a bakin wanda zai iya sauya hukuncin. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa ma ban cire su ba, domin kafin a yi murabaha da kai, wato banki ya sayi kaya ya sayar maka da riba ka biya daga baya, sai an auna ka, kuma tsarkin ciniki ba ya gyara ma'aunin da ya karkace.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da iyayen adashi, littattafan nan naku dukiya ne. A tsara su, kowane zubi da ranarsa, da izinin masu su, ta yadda ƙungiya za ta iya zama da banki ta ce ga shaidar mutanenmu, a sa ta cikin lissafi. Ɗalibanmu masu karatun kwamfuta su za su iya wannan aiki, kuma su ne suka san bambancin rani da damina a aljihun manomi.

Inna dai ta sayi injinta da kwasar adashi, bayan wata bakwai. Na ga an ɗaga hannu can baya. Alhaji, bismillah, a miƙa masa lasifika.