A Auna Mana Kafin a Ce Mu Biya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan la'asar, wani dattijo maƙwabcina ya yi mini sallama da takarda a hannu. Tsohon malamin firamare ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane lissafi, yanzu fansho yake jira wata-wata. Ya ce, "Ɗana, duba mini wannan, ko idona ne ya fara gazawa." Na karɓa na duba, na ce, "Baba, idonka lafiya lau." Takardar kuɗin wuta ce. An rubuta masa cewa ya sha yunit 310 a wata guda. Gidan ɗaki biyu ne, shi da mai ɗakinsa da jika ɗaya. Ba shi da firji, ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, gugarsa ma da dutsen gawayi ake yi. Kuma a cikin watan da ake magana, taransifomar layinmu ta yi kwana goma sha ɗaya a kwance.

Muka zauna a kan tabarma muka yi abin da ya saba sa ɗalibai su yi a allo. Yunit ɗaya, wanda masana ke kira kilowat na awa guda, shi ne abin da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 take sha idan ta yi awa ɗaya a kunne. Baba yana da ƙwan fitila uku irin masu tsimin wuta, kowanne wat 10. A bar su awa shida, an sha 180. Fanka wat 75, ta kwana tana juyawa awa goma, 750 ke nan. Talabijin wat 60, awa huɗu, 240. Duka-duka 1,170 ke nan, wato yunit ɗaya da ɗan ɗoriya a rana. A wata, yunit 35, shi ma sai idan ba a ɗauke wuta ko sau ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa a layinmu ba tun da aka kafa falwaya. To ina sauran 275 suka fito? Wa ya sha su? Wa ya auna?

Babu wanda ya auna. Gidan Baba ba shi da mita, kamar yadda har zuwa 2024 fiye da rabin masu rajista da kamfanonin rarraba wuta a Najeriya ba su da ita. Abin da ake yi musu shi ne ƙiyasi: a duba wutar da ta shiga layi, a cire ta masu mita, abin da ya rage a raba wa marasa mita. A cikin wannan ragowar akwai wutar da ta zube a tsofaffin wayoyi, akwai ta mai walda da ya ja waya cikin dare, akwai ta mai injin markaɗe da ya zagaye mitarsa. Duka a tattara a ɗora wa tsohon malami mai fanka ɗaya. Mu Hausawa muna da sunan wannan, cinikin biri a sama.

Ku je kasuwar Dawanau ko ta ƙauyenku ku ce wa mai hatsi ya ba ku gero. Zai ɗauko tiya ya cika a gabanku, har ya yi mata toliya. Mahauci yana da sikeli, mai yadi yana da awonsa, mai fetur yana da lita. Ko mai sayar da manja a kwalba sai ya ɗaga ta kun ga inda ya tsaya. Tun muna yara malamai ke yi mana wa'azi a kan masu tauye mudu. Amma a ce wai kamfani mai injiniyoyi da kwamfutoci shi kaɗai ne zai sayar da haja ba mudu, ya turo takarda, idan ba a biya ba ya turo tsani? A auna mana mana!

Ba jiya aka fara alkawari ba. NEPA ta koma PHCN a 2005. A watan Nuwamba na 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni goma sha ɗaya, aka ce 'yan kasuwa za su zuba jari su saka wa kowa mita. A 2018 hukumar da ke sa ido kan harkar, wato NERC, ta fito da tsarin da mutum zai biya kuɗin mita daga aljihunsa, daga baya aka ce a riƙa mayar masa da kuɗinsa ta hanyar ba shi wuta a hankali. A 2020 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rabon mita kyauta. Shekara fiye da goma ana sauya wa alkawari riga, har yau jama'a 'yan NEPA suke cewa idan sun hango masu tsani, domin ba su ga abin da ya canza ba.

Kuma kada wani ya ce ƙorafin talaka ne kawai, wanda ba ya son biya. Ita kanta NERC tun watan Fabrairun 2020 ta sa iyaka ga ƙiyasi: kowane layi yana da adadin yunit da ba a yarda a haura ba ga marar mita, ana fitar da shi daga matsakaicin abin da masu mita a wannan yanki suke sha. Sai ga shi a Fabrairun 2024 hukumar ta bayyana cewa kamfanonin sun ƙetare wannan iyaka, sun zabga wa marasa mita sama da naira biliyan 105 a watanni tara na farkon 2023. Ta ci su tarar naira biliyan goma da rabi, ta ce a mayar wa mutane haƙƙinsu. Alƙalin wasa ne da kansa ya busa usur. Ni dai ban san mutum nawa a unguwarmu suka lura an mayar musu ko ba a mayar ba, domin mafi yawanmu layi ɗaya muke karantawa a takardar, na ƙasa, inda aka rubuta jimla.

Kamfanoni suna da amsarsu, mun haddace ta: ana satar wuta, mutane ba sa biya, dala ta tashi, mita ta yi tsada. Satar wuta gaskiya ce, babu mai musu. To maganin ɓarawo shi ne a kama ɓarawo. Ba a taɓa jin an yi sata a kasuwa sarkin kasuwa ya ce mai rumfar kusa ya biya ba. Wanda yake da kuɗin buga takarda duk wata, da kuɗin man motar da ke yawo da tsani, bai isa ya ce mini awo ne ya gagare shi ba.

Mu ma sai mun faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ɗaci. Akwai waɗanda idan an kawo mita layinsu rufe ƙofa suke yi. Sun fi son duhun ƙiyasi, domin a cikinsa za su tsoma hita a bokiti, su dafa wake a kan murhun lantarki, su kwana da na'urar sanyi, idan masu tsani sun zo a damƙa musu na goro a rabu lafiya. Alhaji, wannan wutar da kake sha ba a sama take ɓacewa ba. Ita ce ta sauka a takardar Baba. Kai ma kana cikin masu tauye mudun.

Masu mitar iya kuɗinka iya shagalinka kuma kada su ɗauka sun tsira daga lissafi. Tun 2020 aka kasa layuka rukuni biyar gwargwadon awoyin da aka yi alkawari a rana: rukunin A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ranar 3 ga Afrilu, 2024, aka ɗaga farashin rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka sassauta, ya tsaya naira 209 da kwabo 50 a watan Yuli na 2024. Ɗora harajin VAT na kashi bakwai da rabi cikin ɗari. Da wannan farashi naira dubu goma yunit 44 za ta ba ka, alhali a da tana ba ka fiye da 130. Hitar wanka mai wat 1,500 idan ta yi awa guda ta cinye yunit ɗaya da rabi, fiye da abin da gidan Baba gaba ɗaya ke sha a yini da kwana. Duk abin da ke yin zafi ko sanyi shi ke cin kuɗi: dutsen guga, hita, murhun lantarki, na'urar sanyi, tsohon firjin da robar ƙofarsa ta saki. Maigida yana ta faɗa da yara kan cajin waya, uwargida kuwa ta manta hita a jone tun asuba.

Sannan ku riƙa karanta rasit idan kun sayi wuta. A nan za ku ga rukunin da aka sa ku, da farashin yunit, da haraji, da abin da aka zare da sunan tsohon bashi. Mutum ya tare a gidan haya, ya sayi wutar dubu biyar, a ba shi ta dubu uku, sauran an tafi da su biyan bashin wanda ya tashi bara. Idan kuma an rubuta maka rukunin A, to ɗauki littafi ka riƙa rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke. Ƙa'idar da NERC ta kafa a 2024 ta ce layin da ya kasa cika alkawarinsa kwana bakwai a jere sai a sauke shi zuwa rukunin ƙasa. Abin da ke damuna shi ne a bakin babban layi ake ƙirga awoyin. Taransifomar unguwa tana iya ƙonewa, ku yi mako a duhu, takardarsu tana nuna awa ashirin cif. Duk wanda ya rayu a Arewa a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo mana wuta suka lalace aka yi fiye da mako ana fifita da mafici, ya san bambancin abin da ke takarda da abin da ke cikin ɗaki.

Maganar gas ma awo ce. Tukunya mai kilo goma sha biyu da rabi da ake cikawa a kusan naira 4,000 a 2020, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 15,000. Da wannan tsada har yanzu za ka ga an ba yaro tukunya da kuɗi an ce je ka ciko. Ya dawo, a girgiza, a ji ta yi nauyi, shi ke nan. Bayan mako biyu gas ya ƙare, a fara zargin uwargida da almubazzaranci. Hajiya, duba jikin tukunyarki, wajen mariƙi ko gindi. Akwai haruffa TW da lamba a gefensu, wannan shi ne nauyinta ba komai a ciki. Idan an rubuta 13, aka ce an zuba miki goma sha biyu da rabi, dole sikeli ya nuna 25 da rabi. A ɗora ta kafin a zuba, a ɗora ta bayan an zuba, kuma ki ga sikelin ya fara daga sifili. Mai shago na ƙwarai ba zai ɓata rai ba. Wanda ya ɓata rai kuwa ya ba ki amsa. A gida ki shafa ruwan sabulu a bakin tukunya da mahaɗar tiyo, idan ya yi kumfa yana tashi to kuɗinki ne ke fita, kuma rayuka ne ke cikin haɗari. Wutar girki ta zama shuɗiya, tukunyar miya a rufe, wake a jiƙa tun dare. Ki rubuta ranar da aka cika a jikin bango ko kalanda, bayan cikawa uku kin san mai cika mudu da mai tauyewa.

Yanzu abin da na gaya wa Baba, wanda nake so kowane marar mita ya riƙe. Doka ta ba ka damar ƙin amincewa da ƙiyasin da kake ganin zalunci ne. Ka rubuta ƙorafi, a rubuce, ka kai sashen karɓar koke na kamfanin, ka sa a buga hatimi a kwafinka. Ka biya daidai da takarda ta ƙarshe da ba ka yi jayayya a kanta ba, ka adana rasit. Suna da kwana goma sha biyar na aiki su warware. Idan sun yi biris, akwai ofisoshin sauraren koke na NERC a manyan biranen jihohi da dama, a jihohin da suka karɓi ragamar harkar bayan dokar lantarki ta 2023 kuma hukumar jiha ce za ka nufa. Sayen taransifoma da falwaya da waya nauyin kamfani ne, duk da kowa ya san yadda ake bin mu gida-gida da littafin karo-karo. Mu saya musu kayan aiki da kuɗinmu, su ɗora mana wutar da ba su auna ba, mu kuma mu yi ta zagi a majalisa ba wanda ya taɓa ɗaukar biro. Haba jama'a!

Baba dai ya ɗauki biro. Da wannan kyakkyawan rubutu nasa na malaman da, ya jera ƙwai uku da fanka da talabijin, ya fitar da yunit 35, ya ja layi biyu a ƙarƙashi kamar yadda yake yi wa amsar jarrabawa. Ya haɗa da takardar neman mita. Ranar Litinin jikansa ya raka shi ofis, aka buga masa hatimi bayan an sa shi zaman benci na awa biyu, aka ce ya dawo bayan mako uku. Ya manna kwafin a bayan ƙofar zaure saboda masu tsani. Ni kuma na rubuta ranar a kalandar da ke rataye a ɗakin watsa shirin nan, kuma in Allah ya kai mu zan faɗa muku abin da aka ce masa.