Hannun Sarakunan Turai a Zaɓen Fafaroma

Jama'a, barkanmu da yamma. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku na zo da su kan yadda sarakunan Turai suka riƙa juya manyan limaman Katolika da ake kira kadinal, masu jar hular nan da ke zaɓen Fafaroma.

Na farko, me ya sa sarki zai damu da kadinal? Tun shekarar 1059 Fafaroma Nikolas na Biyu ya mayar da zaɓen Fafaroma hannun kadinal-kadinal, don a raba shi da sarakuna da manyan gidajen birnin Rum. A 1179 aka ƙara sharaɗin cewa sai mutum ya samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Sai sarakuna suka ce to, tunda ba mu da ƙuri'a, bari mu mallaki masu ƙuri'ar. Sarkin Faransa Filib na Huɗu ya nuna yadda ake yi. A 1303 mutanensa suka kama Fafaroma Bonifas na Takwas a garin Anagni, tsohon bai daɗe ba ya rasu. A 1305 aka zaɓi Bafaranshe, Kilement na Biyar, kuma cikin kadinal goma da ya fara naɗawa, tara Faransawa ne. Tara cikin goma! Daga 1309 zuwa 1377 fadar Fafaroma ba ta ma zauna a Rum ba, tana Abinyo, a kudancin Faransa ta yau.

Na biyu, kadinal da suka zama waziran sarakuna. Wulsi a Ingila wajen Henri na Takwas, Rishaliyo a Faransa wajen Luwi na Goma Sha Uku, bayansa Mazarin. Ba zan tsaya nan ba, don akwai inda raina yake.

Inda raina yake shi ne ikon hana zaɓe. Ku saurara da kyau, masu rubutu ku ajiye biro tukuna. Sarakunan Faransa da Sifen da Ostiriya sun ɗora wa kansu wani iko: kowannensu zai iya aikawa cikin ɗakin zaɓe ya ce wane kaɗai ba na so. Ba zai ce a zaɓi wane ba, a'a, zai dai ce ban da wane. Babu wata dokar coci da ta ba su wannan. Babu! Al'ada ce kawai da ƙarfin mulki ya dasa, kadinal-kadinal kuma suna bi saboda tsoron abin da sarki zai yi wa coci a ƙasarsa. Mu nan mun san irin wannan: masu zaɓen sarki su zauna su yi shawara, amma kowa idonsa na kan gidan gwamnati.

Abin da ke burge ni shi ne dabarar da ke ciki. Sau ɗaya tak kowace ƙasa ke amfani da shi a zaɓe guda, kan mutum ɗaya. Kuma dole a faɗa kafin mutumin ya cika ƙuri'unsa. To ka ga kadinal ɗin da sarki ya ba saƙo yana zaune da takarda a aljihu, gumi na keto masa. In ya fitar da wuri, ya ɓarnatar da harsashinsa, 'yan adawa su kawo wani wanda sarkin ya fi ƙi. In ya yi jinkiri, a zaɓe mutumin ya tashi a tutar babu. Sau ɗaya fa, na ce muku sau ɗaya. A 1823 Ostiriya ta tare Kadinal Seberoli. A zaɓen 1830 zuwa 1831 Sifen ta tare Kadinal Justiniyani.

Sai 1903. Fafaroma Liyo na Goma Sha Uku ya rasu a watan Yuli, kadinal 62 suka shiga zaɓe. Wanda ke kan gaba shi ne Mariyano Ramfola, sakataren harkokin fadar marigayin, har ya kai ƙuri'a 29. Amma a Biyana, babban birnin Ostiriya, ana ganinsa mutumin Faransa ne, Faransa kuma ƙawar Rasha ce a lokacin, Ostiriya kuwa tana ƙawance da Jamus da Italiya. Ranar 2 ga Agusta, Kadinal Fuzina na Karakau ya miƙe ya sanar da cewa Sarki Faranz Yusuf na Ostiriya ba ya son Ramfola. Ɗaki ya ɗauki guna-guni. Ramfola ya tashi ya nuna rashin amincewa da wannan katsalandan. A zagaye na gaba ƙuri'arsa ma ƙaruwa ta yi zuwa 30, kamar ana cewa sarki ba ka isa ba. Amma daga nan ta fara zubewa. Ranar 4 ga Agusta aka zaɓi Jusefe Sarto na Benis da ƙuri'a 50, ya zama Fiyus na Goma, ɗan talakawa daga ƙauyen Riyese.

Yanzu ku ji abin da ya sa nake girmama mutumin nan. Shi ne ya ci ribar katsalandan ɗin, ko ba haka ba? Amma a watan Janairun 1904, wata shida bai cika ba, ya fitar da doka: duk kadinal ɗin da ya sake kawo saƙon wani mai mulki na hana zaɓe, ko da a matsayin fata ne kawai, an kore shi daga coci. Ba kowane shugaba ke rushe abin da ya amfane shi ba. Shi ya yi, kuma ya yi daidai, don zaɓen da ake yi da tsoro ba zaɓe ba ne.

Na huɗu... na uku ne? To, na uku. Waɗanda suka ƙi sunkuyawa. Bishop Jon Fisha ya ƙi yarda Henri na Takwas ya zama shugaban cocin Ingila. Yana kurkuku aka ba shi kadinal a 1535, a shekarar aka fille masa kai. A 1810 kuma kadinal 13 suka ƙi halartar aure na biyu da Nafoliyon sarkin Faransa ya yi, ya tuɓe musu jajayen kaya, ya kora su garuruwa daban-daban, aka riƙa ce musu baƙaƙen kadinal.

Na'am, malama, ga hannunki a sama. Tana tambaya ko bayan 1904 abin ya mutu kwata-kwata. Hana zaɓe dai bai sake faruwa ba. Amma ragowar al'adun sun daɗe. Shugabannin wasu ƙasashen Katolika sun ci gaba da ɗora wa jakadan Fafaroma jar hula da hannunsu in an yi masa kadinal. A 1953 Shugaba Oriyol na Faransa, ɗan jam'iyyar gurguzu mai sassauci, shi ya ɗora wa Anjelo Ronkali hula a fadarsa ta Faris, Ronkalin da ya zama Fafaroma Yohana na Ashirin da Uku a 1958. Har yau ma, bisa yarjejeniyar da Nafoliyon ya ƙulla a 1801, shugaban Faransa ne ke sa hannu a naɗin bishop na biranen Sitarasbug da Mez a Faransa, bayan an daidaita da fadar Batikan. Ga wani hannu can kusa da ƙofa, a miƙa masa lasifika.