Sharhi: Zaman Malamin Lissafi da Mai Sana'a

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau daga nan Katsina ya shafi alaƙar da ke tsakanin lissafi da zane, ko a bangon gida ne, ko a ƙirjin riga, ko a shafin littafi. Yawancin yaranmu sun tashi da tunanin cewa lissafi darasi ne mai wuya da ake haddacewa domin a ci jarrabawa, zane kuwa baiwa ce da ba ta da ruwa da ƙidaya ko awo. Tarihi bai goyi bayan wannan tunani ba. Sau da yawa idan zane ya yi wani babban ci gaba a duniya, idan aka bincika za a tarar mai lissafi da mai aikin hannu sun zauna wuri guda, kowa ya karɓi wani abu daga ɗan'uwansa.

Bari mu fara da abin da ke cikin gidajenmu. Macen da ke saƙa faifai tana farawa ne daga cibiya, tana naɗa kaba tana zagayawa, kuma dole kowane zagaye ya ɗara na bayansa tsawo da gwargwado guda. Idan ƙarin ya gaza, sai bakin faifan ya tashi sama ya koma kwando. Idan ya yi yawa, sai gefen ya tattare ya ƙi kwanciya. Abin da hannunta ya sani shi ne abin da malami ke rubutawa a allo, cewa kewayen da'ira yana ƙaruwa ne daidai da yadda faɗinta ke ƙaruwa. Haka mai ɗinkin hula: idan zanensa zai maimaitu sau 12, wajibi ne kewayen hular ya rabu gida 12 cif, in ba haka ba rabin zane zai faɗo a mahaɗa, kuma wanda ya san hula ba ya rasa ganin wannan aibi. Maginin da zai fitar da harsashin ɗaki mai zagaye kuwa turke yake kafawa a tsakiya, ya ɗaura igiya, ya ja ta ya kewaya yana shata ƙasa.

Wannan turke da igiya su ne ainihin ɗaya daga cikin ƙa'idojin farko da Iƙlidis, masanin lissafi na Girkawa, ya kafa iliminsa a kansu a birnin Iskandariya ta Masar, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, inda ya ce ana iya zana da'ira daga kowace cibiya da kowace tazara. Bai ƙirƙiro da'ira ba, domin magina sun riga shi saninta da dubban shekaru. Abin da ya yi shi ne tattara sanin da ke warwatse, ya jera shi da hujja, ta yadda mutum zai tabbatar da ingancin siffa tun kafin ya taɓa ƙasa ko dutse. An fassara aikinsa zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Halifa Haruna Rashid, kuma daga nan ne ilimin handasa, wato lissafin siffofi da awonsu, ya bazu a ƙasashen Musulmi.

A Bagadazan ne aka yi wani zama da ya kamata mu tsaya a kansa. Abul Wafa al-Buzjani, masanin lissafi da taurari wanda ya rayu daga 940 zuwa 998, ya rubuta littafi musamman domin masu sana'a, kan abin da suke buƙata na handasa a aikinsu. A ciki ya ba da labarin majalisar da ta haɗa malaman handasa da masu aikin hannu, aka kawo tambaya: yaya za a haɗa murabba'i 3 masu girma ɗaya su zama babban murabba'i guda? Malaman suka warware ta da layuka da hujja, amma masu sana'a ba su gamsu ba, domin su abin da suke so shi ne yadda za su yanka su jera. Su kuma suka kawo nasu hanyoyin na yanka da jerawa, waɗanda a ido suna da kyau, amma da aka auna sai aka ga akwai ɗan kuskure da ido ba ya kamawa. Abul Wafa ya fito da hanyar da ta gamsar da ɓangarorin biyu: a raba murabba'i 2 daga kusurwa zuwa kusurwa, a samu alwatika 4, a jera su kewaye da na ukun, sannan a datse abin da ya fito waje a cike gurbin da ya rage. Bai raina masu sana'a don ba su san hujja ba, bai kuma ƙyale kuskurensu ya wuce don sun daɗe suna aiki da shi ba. A ganina wannan shi ne mafi kyawun abin koyi a duk wannan tarihi.

Rubutu ma bai tsira daga awo ba. Ibn Muƙla, wazirin Abbasiyawa da ya rasu a 940, ya ɗauki ɗigon da bakin alƙalami ke bari a takarda ya mai da shi ma'auni. Da ɗigo ake auna tsawon alif, da tsawon alif ake fitar da da'ira, sauran haruffa kuma kowanne yana da rabonsa daga wannan da'ira. Rubutun allonmu na zuriyar Magariba ne, ba ya bin wannan ma'auni sak, amma duk wanda ya taɓa kallon gwani yana tsara shafin Alƙur'ani, ko mai zayyana yana raba fuskar allo gida-gida kafin ya zuba launi, ya san awo yake gaba, ado ya biyo baya.

Akwai dalilin da ya sa wasu siffofi suka cika bangon masallatai daga Andalus, a Sifaniya ta yau, har Farisa. Idan ana so a shimfiɗe fili da siffa iri ɗaya mai gefuna da kusurwoyi daidai, ba tare da rata ko hawa kan juna ba, siffofi 3 ne kawai za su yi: alwatika, murabba'i, da mai kusurwa 6. Dole kusurwoyin da suka haɗu a wuri guda su cika digiri 360. Kusurwar mai gefe 5 digiri 108 ce. Guda 3 sun ba da 324, saura 36 babu abin cikewa, ta huɗu kuma ba za ta shiga ba. Duk da wannan shinge, masu adon gini a ƙasashen Musulmi sun ƙware wajen taurari masu tsini 5 da 10, suka nemo siffofin da ke cike ratar. A 2007 wasu masana biyu a Amurka, Peter Lu da Paul Steinhardt, sun nuna cewa adon wani gini a Isfahan ta Iran, wanda aka fara a 1453, ya yi kusa ƙwarai da irin shimfiɗar da ba ta maimaita kanta, wadda Roger Penrose na Ingila ya bayyana a shekarun 1970. Sai a 1891 ne masanin Rasha Fedorov ya tabbatar da cewa hanyoyin maimaita zane a shimfiɗe iri 17 ne kacal, alhali masu adon fadar Alhamra a Andalus sun yi aiki da da yawa daga cikinsu tun ƙarni na 14. A wannan fada ce mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, Escher, ya zauna yana kwafar bango a 1922 da 1936, abin da ya sauya aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Turai ta ɗauki lissafin ta bi da shi wata hanya dabam. Ibn al-Haisam, wanda ya yi aiki a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya kafa hujja cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido a miƙe. An fassara littafinsa zuwa Latin, malaman Turai suka karanta shi ƙarni bayan ƙarni. A farkon ƙarni na 15, a birnin Fulorans na Italiya, magini Brunelleschi ya gwada yadda za a zana gini a kan allo ya fito da zurfinsa, kuma a 1435 Alberti ya rubuta ƙa'idar. Wanda ya tsaya a kan titin Katsina zuwa Daura ya san abin da ake nufi: gefunan titi suna matsowa har su haɗu can nesa, turakun lantarki suna gajercewa da gwargwado sananne. Da aka iya lissafa wannan gwargwado, sai hoton Turai ya sauya kama baki ɗaya.

To, ina Katsina a cikin wannan labari? Tana ciki da sunanta. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya bar ƙasar nan ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, kuma a 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wato 3 sau 3, 5 sau 5, 7 sau 7, har abin da ya yi sama. A hatimi mai gida 9, ana zuba lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. A mai gida 25 kuwa jimlar 65 ce. Ba batun abin da wasu ke yi da hatimi muke ba, wannan magana ce ta malaman addini. Abin da ya shafe mu shi ne mutumin ya ba da hanya mai tsari wadda ke aiki komai girman hatimin, kuma wannan lissafi ne tsantsa. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Irin wannan murabba'in lambobi ya burge masu zane a wasu wurare ma: Bajamushe Albrecht Durer ya sa mai gida 16 a wani zanensa na 1514, kowane layi yana ba da 34, kuma ya jera 15 da 14 a layin ƙasa domin su nuna shekarar. Abin takaici ne a ce ɗalibi ya gama sakandare a garin nan bai taɓa jin sunan al-Kashinawi a ajin lissafi ba.

Gininmu na ƙasa shi ma cike yake da awo. Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin mita 15, tana tsukewa ne yayin da take hawa, domin nauyi ya zauna a gindi. Azarar giginya ba ta ɗaukar rufi idan tazara ta yi yawa, don haka magini ke ɗora azara mataki-mataki daga bango biyu, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure a shafe da ƙasa har su haɗu a sama su zama bakan gizo. Bakunan sai su raba rufin zuwa ƙananan gidaje da azara za ta iya ɗauka. Wanda ya ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a tsohon masallacin Juma'a na Zariya, na ƙarni na 19, ya san inda wannan dabara ta kai. Dagin da muke gani a bangon zaure da ƙirjin riga kuwa zare ne da ke bi ta sama, ya bi ta ƙasa, bi da bi, ba ya kuskure ko sau ɗaya, kuma akwai reshen lissafin zamani da aikinsa ke nan, nazarin ƙulli da sarƙa.

Yau kwamfuta ta shigo sana'ar. Lanƙwasar haruffan da ke kan wayoyinmu ana fitar da ita ne da lissafin da Pierre Bezier, injiniya a kamfanin motoci na Renault a Faransa, ya yaɗa a shekarun 1960 domin tsara jikin mota. Keken da ke yi wa kaftani aikin kwamfuta a kasuwanninmu ba ya ɗinka komai sai an ba shi zanen a matsayin layuka da lambobi. Ba na ganin laifin keken. Damuwata ita ce, idan matasanmu ba su iya mayar da aska takwas da tambari da dagi zuwa waɗannan lambobi da kansu ba, to zanen da wasu suka tsara a wata ƙasa za mu riƙa saye muna sawa a wuyanmu, namu kuma ya tafi tare da dattawan da suka iya shi.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Malamin firamare zai iya shiga aji da faifai da hula da igiya kafin ya ɗauki alli, yara su auna kewaye da faɗi da hannunsu, su raba, su ga lambar da ke fitowa kullum ta ɗan haura 3. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da manyan makarantu a Daura, muna kuma da sarakunan magina da tsofaffin maɗinka a unguwanninmu. A kira su majalisa guda, a ba dattawan nan matsayin malamai, a biya su haƙƙin lokacinsu. Ɗaliban gine-gine su shiga tsofaffin soraye da izinin masu su, su auna kowane bakan gizo da kaurin bangon da ke ɗauke da shi, su rubuta awon da mita, su kuma rubuta shi da kamu da taƙi yadda maginin ya faɗa, a ajiye kwafi a makarantun da kuma gidan tarihi na Katsina domin mai bincike da mai son koyon sana'ar su same shi.